Shekarar Ƙarshe ta Malama Raɗa

A ƙarshen zangon bana an yi wa makarantun yankin garambawul. An mayar da malamin lissafi wata makaranta can ƙetaren gada, direban motar yara ya ce gwiwarsa ta gaji ya ajiye makulli, mai dafa abinci kuma ta bi mijinta birni. Duk wannan bai ɗaga wa kowa hankali ba. Amma da aka ce Malama Raɗa za ta yi ritaya, sai kowa ya yi jugum, domin in ka cire tsofaffi tukuf, da wuya ka sami wanda ya iya rubuta sunansa a yankin nan ba ta hannunta ya bi ba.

Ba da raɗa aka haife ta ba. Waɗanda suka san ta tana budurwa sun ce in ta ƙwala wa ƙaninta kira daga gida, har a gona sai ya amsa. A shekararta ta biyu da fara koyarwa wani ciwo ya kama mata maƙogwaro, aka yi mata aiki a asibiti. Ta tashi, amma muryar ba ta biyo ta gida ba. Abin da ya rage mata sai raɗa, irin wadda sai ka kawo kunne kusa. Mahaifinta ya ce ta haƙura ta koyi ɗinki, ta ce atafau aji za ta koma. Kuma aji ɗaya, inda ko mai muryar mutum goma sai ya ji a jikinsa: wannan na kukan uwa, wancan ya jiƙa wando, waɗancan biyu suna kokawa a kan fensir.

Ranar farko ta tsaya gaban allo ta buɗe baki, hayaniya ta haɗiye ta. Ta koma gida ta sha kuka ta ƙoshi. Washegari sai ta bar allon, ta jawo 'yar kujera irin ta yaran ta zauna kusa da yaron da ya fi kowa fitina, ta shiga raɗa masa labari a kunne. Yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Na kusa da shi ya matso, na bayansa ya ce wa maƙwabcinsa ya rufe baki yana so ya ji. Ba abin da yaro ya tsana irin a yi sirri ba da shi ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa ajin ya yi tsit, kawuna duk sun haɗu wuri guda.

Dabarar ke nan, kuma da ita ta yi shekara talatin da wani abu. Ba bulala, ba buga tebur. Ƙafafun kujerun ajinta duk an naɗe su da robar tsohon tayan keke don kada su yi ƙara. Har a kasuwa ana gane waɗanda suka yi ajinta, don in kana magana sai su karkata kai su jira ka gama, abin da ko a masu furfura bai cika samuwa ba. Hedimasta kansa ɗalibinta ne. Ƙato ne mai tumbi, malamai na shakkarsa, amma da ya iso ƙofar aji ɗaya sai ka ga ya koma tafiya da sanɗa.

A shekarar ƙarshen nan aka kawo mata 'yar mai facin keke. Tun rasuwar uwarta yarinyar ba ta sake cewa uffan ba. Likita ya duba kunne, ya duba harshe, ya ce lafiyarta ƙalau. Rubutunta ya fi na kowa kyau, in ana karatu leɓenta na motsi, amma sauti ko ɗis. Ofishin ilimi ya ce in har shekara ta ƙare ba wanda ya ji maganarta, za a kai ta makarantar kwana ta masu buƙata ta musamman, can birni.

Uban yarinyar ya zo hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya bakin tagar ajin.

"Malama, ni fa ita kaɗai gare ni. In suka tafi da ita, da wa zan ci abinci?"

"Ka ƙara mini haƙuri, ɗan nan," in ji ta. Shi ma a wannan ajin ya koyi baƙi.

Ba ta taɓa matsa wa yarinyar ba. Ta fi kowa sanin zafin a zuba maka ido ana jiran bakinka. Kullum sai ta zauna kusa da ita ta yi mata raɗa, ta yi tambaya, ta ɗan saurara, sannan ta wuce kamar an amsa. Amma da watanni suka yi ta tafiya tsoro ya kama ta sosai. Ta sallami ɗaruruwan yara, ba ta son ta fita ta bar wannan ɗaya a hanya.

Ana saura 'yan makonni a rufe makaranta aka turo wanda zai gaje ta, wani saurayi sabon fitowa daga kwaleji. Yaron kirki ne, sai dai Allah ya hore masa murya, ko sannu ya ce maka sai kaji sun watse. Tun ranar farko yara suka laƙaba masa Malam Lasifika. Yakan zauna a bayan aji yana kallon ikon Allah, baki buɗe.

Ranar rufe makaranta filin ya cika maƙil. Aka raba kyaututtuka, aka yi wa masu tafiya godiya ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ta surutu abinsu, jarirai na kuka. Da aka zo kanta, Hedimasta ya miƙa mata makirufo. Ta girgiza kai, ta tsaya hannu rabbana, ta fara raɗa. Wanda bai ga wannan ba ba zai yarda ba. Shirun ya fara daga layin gaba ya yi ta tafiya baya, manoma, 'yan tireda, matan aure da goyo, kowa ya karkata kai. Har ƙarar igiyar tuta da ke bugun ƙarfe ana ji. Jami'ar da ta zo daga ofishin ilimi ta waiga hagu ta waiga dama, tsigar jikinta na tashi.

Sannan 'yan aji ɗaya suka fito, kowa ya faɗi sunansa. Da aka zo kan 'yar mai facin keke, ta tsaya, leɓenta ya motsa. Filin nan kaf ya riƙe numfashi. Ba abin da ya fito. Can yarinyar ta sunkuyar da kai ta koma layi.

Bayan taro ta koma aji tana kwashe kayanta jiki a mace. Yara suka shigo ɗaukar jakunkunansu, murnar hutu ta sa sun manta da komai, sai tsalle suke kan benci. Hedimasta ya shigo da jami'ar don a yi maganar tafiyar yarinyar, uban na tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Malam Lasifika ya ga baƙi ga kuma hayaniya, kunya ta kama shi, ya manta inda yake.

"Kai! Kowa ya zauna!"

Har gilashin taga sai da ya amsa. Yara suka daskare inda suke. A cikin wannan shirun 'yar mai facin keke ta ajiye jakarta, ta taka har gabansa, ta ja gefen rigarsa. Ya sunkuyo. Muryar ta fito a shaƙe, 'yar ƙarama, amma a ɗakin nan an saba da jin ƙaramar murya.

"Malam, ba a ihu a nan."

Saurayin ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. "Yi haƙuri," ya ce da raɗa, "ba zan ƙara ba."

Uban ya sulale ya zauna daɓas a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hannuwansa masu mai. Jami'ar ta dubi Hedimasta ta ce a hankali, "Na ji da kunnena. Ku bar ta a nan."

Malama Raɗa ta dafa tebur da hannu biyu. Tun da ta fito daga asibiti ta sallama wa Allah muryarta, ba ta sake neman ta ba. Ranar nan kaɗai ta so a ce an ara mata ita ko na minti ɗaya, ta kurma ihun murna.