Ranar da Na Bar Baba a Badar

Laifina ne, ba na ƙanena ba, ko da yake shi ya fi shan faɗa da muka koma gida.

A zafin bara ne, lokacin hutun makarantu. Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Sih, a nan ƙasa mai tsarki, wadda ƙanena ke tsare wa gida, ta samu gayyatar wasanni a Yanbu da wani gari da ke gaba, a bakin teku. Na ɗauki hutu daga filin jirgi, inda aikina shi ne shigar da alhazai bas. 'Yan wasa suka hau ƙaramar bas, ni na bi su da motata. Baba ya ce a tafi da shi. Ƙwallo ba ta dame shi ba. So yake a tsaya Badar ya yi wa shahidai sallama, ya kuma ga teku. Yana da ciwon suga, kuma kafin mu fito Inna ta riƙe ƙofar mota ta ce mini, “Amana ce.”

Mun isa Badar rana ta take. Baba ya tsaya jikin katangar maƙabarta ya ɗaga hannu yana addu'a. Yara suka yi tasu gajera suka gudu inuwa. Shi ko gezau. Gumi na zuba, mai horar da su yana ta nuna mini agogo. Sai bakina na wurin aiki ya riga ni. Na tafa hannu, kamar yadda nake wa baƙin da ban san sunansu ba in ina so su yi sauri.

“Yalla ya hajj, yalla! Halas!”

Wasu yara suka yi dariya. Baba ya shafa addu'a, ya juyo a hankali.

“Yau ni ne ya hajj?”

“Baba, za mu makara ne.”

“Je ka abinka. Motar yaran zan shiga.”

Na ja mota cikin fushi. A wurin aiki ba na sakin bas sai na ƙirga kawuna, na sake ƙirgawa. Ranar ko waiwaye ban yi ba. Jakarsa mai magani da waya tana kujerar gefena. Na gan ta, na ce a raina zan ba shi a Yanbu.

A bakin filin wasa yara suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ne na ƙarshe. Ya leƙa motata, ya tambaye ni da Larabci ina Baba.

“Ba yana tare da ku ba?”

“Da mu? Yaya, ai tare kuka zo!”

Ashe Baba zagawa ya yi don alwala, su kuma suka ɗauka yana wurina.

Ƙanena ya jefar da safar hannunsa ya faɗo mota. Mai horarwa na kira, bai juya ba. Hanyar nan da na bi ɗazu ina jin rediyo, yanzu ta ƙi ƙarewa. Kwalta na tururi. Wayata ta yi ƙara, na ga Inna ce, na kife ta.

“Ɗauka mana,” in ji ƙanena. “Gaya mata lissafin alhazanka bai cika ba.”

Salati nake yi, yana kakkarye mini a baki.

Jikin katangar babu kowa. Masallaci ma babu shi. Muka rabu, muna tambayar masu shaguna da Larabci. A wani shagon faci, mutumin ya dube ni ya amsa da Hausa, irin ta mutanen Chadi.

“Dattijo mai farar hula? Kai ne ɗan nasa?”

Ya ce a zaune ya tsince shi a ƙasa, leɓe ya bushe, ana magana ba ya amsawa. Dabino ya tura masa a baki, ya jiƙa masa kai. Sai ya nuna mana ƙofar ciki.

Baba na kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin na'urar sanyi, hularsa a kan gwiwa. Bai dube ni ba. Sai ya dubi ƙanena.

“Kai kuma wa ka bar wa ragar?”

Ƙanena ya fashe da kuka.

Rabon da in tsuguna gaban Baba tun ina ƙarami. Mu da aka haifa a ƙasar nan, goshi muke sumbata mu wuce. Na cire takalmi, na tsuguna a kan simintin nan mai baƙin mai, na ajiye jakarsa kusa da ƙafarsa. Larabci ne ya fara zuwa bakina, na haɗiye shi.

“Baba, na yi maka tsawa a gaban yara kamar ban san ka ba. Na tafi ban duba ba, kuma na ga maganinka a gefena. Ba ni da abin faɗi. Don Allah ka yafe mini.”