Daren da Kaka Ta Sauya Ƙafar Yarinya

A gidanmu na Tafoki, da an yi sallar isha'i Kaka kan zauna bakin murhu, mu kewaye ta. Ni ba mai magana ba ce, kallo nake yi. Ƙafafuna duk kaushi ne saboda tafiyar rafi da gona, amma ban taɓa jin kunyarsu ba, domin Kaka tana da tatsuniya a kansu.

Wai Dodo ya biyo 'yan mata biyu. 'Yar attajiri ta taka ƙaya ta zauna tana kuka, ya cafke ta. 'Yar manomi kuwa tafin ƙafarta kamar ƙirgi, ta keta sarƙaƙiya a guje ta tsira. Nan Kaka kan damƙi diddigena ta ce, "Irin wannan!" Da wannan maganar nake cinye tseren makaranta ba takalmi.

Shekarar da kwangila ta buɗe wa ƙanen babana, matarsa Hajiya ta zo daga Kaduna da 'yarsu Zulai, da tsarabar turamen atamfa don Kaka. Zulai safa gare ta fara tas. An hana ta gudu kada ta faɗi, an hana ta rana kada ta yi baƙi, ƙwallonta ma cikin ɗaki take buga shi.

Da daddare Hajiya ta dubi ƙafata ta ce, "Ke, matsa can, kada ki yage mata safa da wannan faso."

Na matsa, ina jiran tatsuniya ta rama mani.

Kaka ta fara. Amma da aka zo wurin ƙaya, sai ga doki ya ɗauke 'yar attajiri. 'Yar manomi kuwa, wai sawunta mai kaushi Dodo ya bi har ya kama ta.

Na ce, "Kaka, ba haka take ba."

"Rufe mani baki! Ke kika haife ta?"

Hajiya ta yi dariya har da tafi. Kaka ba ta dube ni ba, wuta ta yi ta tonawa da tsinke.

Washegari na goge ƙafata da dutse har jini ya fito. Ban ƙara shiga tsere ba.

Mutane kan ce in yi wa Kaka uzuri, talauci ne. Na gwada. Yau ina da takalma, 'ya'yana ma suna da su. Amma duk ranar da suka ce in yi masu tatsuniya, Dodo 'yar attajiri yake ci, ko wa ke zaune.