Shekara Takwas Babu Yaya Sagir, Mai Jefa Ƙwallo da Hannu

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sagir. A nan Dubai ya cika, a nan aka binne shi, nesa da Zariya inda aka haife mu, nesa kuma da filayen Kanada inda aka san sunansa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don ban san ta inda zan fara yi wa mutanenmu bayanin sana'arsa ba. Ko mahaifiyarmu, har ta koma ga Allah, idan aka tambaye ta abin da ɗanta yake yi a Turai, cewa take, "Ƙwallo yake yi, amma da hannu."

Babanmu malamin aikin gona ne. Ya tafi ƙaro karatu Amurka da mu gaba ɗaya, ina 'yar firamare, Yaya Sagir yana sakandare. Da lokacin dawowa ya yi, wata jami'a ta ba Yaya gurbin karatu kyauta saboda ƙwallon Amurka da ya koya a can. Baba bai so ba. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya yarda, shi ma da sharaɗin sai ya gama digiri. Muka dawo gida muka bar shi.

'Yan'uwa suna ce wa wasan zari-ruga, shi kuma ya yi dariya ya ce ba shi ba ne, kama dai suka yi. Matsayinsa shi ake kira kwatabak. Shi ake miƙo wa ƙwallo a farkon kowane hari. Kafin ƙiftawar ido zai leƙa fili ya zaɓi wanda zai jefa wa, ga ƙattin abokan hamayya sun taso masa suna neman su maka shi da ƙasa. Duk dabarun ƙungiyar a kansa suke, shi zai faɗa wa kowa inda zai ruga.

Babbar gasar Amurka ba ta ɗauke shi ba, wai bai kai tsawon da suke so ba. Wata ƙungiya a Kanada ce ta karɓe shi, ta ajiye shi a benci shekara da shekaru. Ya taɓa gaya mini cewa zaman bencin nan ya fi duk wani dukan da ya sha ciwo: ka yi atisaye kamar kowa, ranar wasa ka saka kaya, ka tsaya a gefe cikin sanyi har a tashi. Baba yana ta ce masa ya haƙura ya dawo ya kama aiki. Ya ce a ƙara masa shekara ɗaya.

A shekarar ne wanda ke gabansa ya karye a kafaɗa, ƙungiyar tana can ƙasan teburin gasa. Aka saka Yaya don babu wani. Suka fara ci, suka ci gaba da ci, har wasan ƙarshe. Mu sai bayan makonni kaset ɗin ya iso mana Zariya. Mun riga mun san sun ɗauki kofi, mun san shi aka zaɓa gwarzon wasan, amma duk sanda aka kayar da shi cikin dusar ƙanƙara sai Inna ta rufe fuska da mayafi. Jifan ƙarshen da ya ba su nasara, ashe da tsagaggen haƙarƙari ya yi shi. Baba ya kalla har ƙarshe, washegari na ji shi a ƙofar gida yana yi wa abokansa bayanin dokokin wasan, rabi daidai rabi ƙirƙira.

Ya ƙara wasu shekaru a Kanada, ya yi wasa a Jamus, sannan ya ajiye. Lokacin ni na yi aure, maigidana yana harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira a nan Dubai. Mu muka ja ra'ayinsa ya zo. Suka kama gida kusa da namu a unguwar Karama shi da matarsa, Anti Hauwa, ya samu aikin koyar da motsa jiki a wata makaranta. Ƙarshen mako kuma yana tara masu sha'awar wasan a wani filin haya: 'yan Masar, 'yan Filifin, Indiyawa, da samarinmu na Kano da Maradi. Ba wanda ya san shi a titi. A nan shi malamin motsa jiki ne mai ɗan ɗingishi, mai son shayin madarar nan da ake kira karak.

Ciwon mantuwa a hankali ya zo masa. Ciwon kai tukuna, sai sunayen ɗalibai suka fara ɓace masa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni a waya, muryarsa a kwance kamar kullum.

"Binta, ina tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. Wanne zan hau zuwa gida?"

Na ɗauka wasa yake. Hanyar da yake bi kullum ce. Na ce ya tsaya inda yake, na je na same shi zaune a benci, hularsa a hannu. A cikin jirgi muna dawowa na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba.

"Yaya, kana nadamar wasan nan?"

"A'a," ya ce. "Amma da an gaya mini farashinsa, da na so a bar ni in zaɓa da sanina. Waɗannan da nake koya wa, ni zan gaya musu."

Likitoci ba su taɓa yanke mana cewa gware-gwaren kai ne sanadi ba, sun dai ce yana yiwuwa. Shi bai jira tabbaci ba. A makon ya tara 'yan wasansa ya gaya musu halin da yake ciki, ya ce daga ranar babu sauran karo a filinsa. Za su koma irin wanda ake ɗaura ƙyalle a ƙugu, idan an fizge ƙyallen an kama ka ke nan. Da yawa suka watse, suka ce wannan wasan yara ne. Abin ya yi masa ciwo, na gani a fuskarsa, amma bai janye ba. Da waɗanda suka rage ya ci gaba, har 'yan mata suka fara zuwa da hijabansu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wasan ƙyallen nan da aka raina ya bazu, har ana shirin kai shi babbar gasar wasannin duniya. Samarin da ke shagunan Deira suna kallon ƙwallon Amurka a wayoyinsu, suna musu a kan 'yan wasan da iyayensu daga Najeriya suka tafi. Yanzu idan ɗan wasa ya bugu a ka, fitar da shi ake yi a duba shi, a zamaninsa kuwa ruwa ake watsa maka ka koma. Ina jin zai yi murna. Ina kuma jin zai ɗan yi tsaki ya ce yaran yanzu suna gaggawar jifa, don bai taɓa kallon wasa bai samo gyara ba.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, da hantsi, yana shirin fita aiki. Muna zaman makoki sai ga wani ƙaton Bature ya cika ƙofa. Tomas sunansa, ɗaya daga cikin waɗanda ke tsayawa gaban Yaya a fili su tare masa abokan hamayya. Daga Kanada ya taso da ya ji labari. Gwiwoyinsa sun lalace, bai iya tanƙwashe ƙafa ba, amma ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa cikin maza. Da zai tafi ya ce wa Anti Hauwa, shekaru ya yi aikinsa kawai kada kowa ya taɓa mijinta, kuma duk ranar da ya gaza aka kayar da shi, Sagir ne zai fara tasowa ya dafa shi ya ce ba komai.

Kofin yana can Kanada cikin gilashi, rigarsa tana akwatin Anti Hauwa, filin hayar ma an yi gini a kansa. Abin da na ga ya saura shi ne mutanen da har yau suke jin nauyinsa. Tomas bai taɓa tsallake shekara bai kira ba. Bana ya ce in koya masa abin da muke faɗa wa mamatanmu. Na faɗa masa a hankali, ya maimaita, harshensa yana sarƙewa, har ya samu.

"Allah ya jiƙan Sagir," ya ce.

Na ce amin.