Ya Dawo Wata Na Duhu

Rubuta yadda na faɗa, 'yata, kada ki gyara.

Mahaifinki masunci ne a gaɓar Shu'aiba, ni kuma ina nan unguwar Utaibiyya, nesa da teku, tare da ku. Ban taɓa ganin sa yana aiki ba, a bakinsa na san teku. Ya ce idan wata ya yi duhu, sai su kunna fitila a kwalekwale, kifi ya taru ƙarƙashinta, su ja taru da nauyi. Idan wata ya cika kuwa, hasken fitila ba ya tasiri, kifi ya watse, ruwa ya taso ya janye da ƙarfi yana maƙala taru a duwatsu. A lokacin ne masunta ke tafiya gida.

Shi ya sa nake hawa saman soro bayan magariba ina duba wata. Da ya kusa cika sai in jiƙa shinkafa, in wanke masa tufafi. Ya iso yana ƙarnin kifi, mu yi azumin fararen kwanaki, ukun nan na tsakiyar wata, tare. Yakan ce, “Hajiya, ki gode wa wata, shi ke koro miki ni.” In ce, “Malam, ashe da ba don shi ba sai dai mu ji labarinka.”

Haka muka yi har muka tsufa.

Wata rana da la'asar, a ƙarshen wata, lokacin da kifi ya fi kamuwa, na ji sallamarsa a ƙofa. Bai taɓa barin teku a duhun wata ba, ko ranar da aka haife ki.

Na ce, “Lafiya?”

Ya ce, “Kifaye ne suka ba ni hutu.”

Ya yi dariya, amma da bango ya dafa ya shigo. Muka kai shi mustashfa, asibiti ke nan, suka ba shi magani, muka dawo. Kullum da magariba sai ya ce, “Hau ki duba min.” In sauko in ce ya ƙaru kaɗan. Ya ce idan ya cika zai tashi mu yi azuminmu.

Wata bai kai rabi ba aka kai shi makwancinsa.

Da fararen kwanaki suka zo, sai na tsinci kaina na jiƙa shinkafar mutum biyu. Na zauna gabanta na yi ta kuka. Yanzu gwiwoyina ba sa hawa soro, amma har yau idan wata ya cika kunnena yana ƙofa. Allah Ya jiƙansa. Tsaya nan, ba zan iya ci gaba ba.