Bokitin La'asar

Ina shekara ta biyu a kwaleji aka tura ni sanin makamar aiki wata masana'antar robobi a Challawa. Wata rana wani babba a sito ya ce in zo in ga yadda ake jera kaya, ina shiga ya tura ƙofa. Fyaɗe ne sunan abin da ya yi mini, amma na daɗe kafin bakina ya iya furta kalmar.

Ban nufi gidanmu a Dorayi ba. Adaidaita na hau zuwa Zawaciki wajen yayata, duk hanya gani nake kowa ya sani. Ina shiga na tari ruwa a bokiti, don an kira la'asar, ni kuwa ban ga yadda zan tsaya gaban Allah a haka ba. Yaya ta dubi yagaggen hannun rigata, ta riƙe bokitin sai da na faɗa mata.

Ta kira malamar ofishin ba ɗalibai shawara na makarantarmu, ofishin da a da nake wa dariya, wai na waɗanda suka faɗi jarrabawa ne. Malamar ta ce kada in yi wanka tukuna, kada a wanke kayan, mu wuce asibiti, akwai maganin kariya daga cuta da ciki da ba ya son jinkiri. Zuwa wajen 'yan sanda ko kai ƙara a makaranta kuwa zaɓina ne, kuma duk wanda na zaɓa za ta raka ni.

"Sallata fa, Yaya?"

"Allah ya ga mai laifin. Sa hijabinki mu tafi."

A asibiti ba allura nake tsoro ba, Baba nake tsoro. Masaƙa yake aiki a Sharada, kuma da ƙyar ya toshe kunnensa daga dangi ya bar ni na yi karatu. Na tabbata idan ya ji, ni da makaranta sai dai labari.

Washegari Yaya ta mayar da ni gida, ta gaya wa Baba a gaban Kawu, yayansa. Ina daga ɗaki ina ji. Kawu ya ce dama ya faɗa, ga shi an lalata yarinya, sai ta zauna a gida a rufe maganar.

Sai na ji Baba ya ce wa Kawu:

"Yaya, ku yi haƙuri, amma kaya ne suke lalacewa. 'Yata zaluntar ta aka yi."

Na ji ya tura babur ɗinsa waje. Ya leƙo ɗakin, idonsa ja wur, bai iya kallon fuskata ba.

"Taso ki nuna mini ofishin malamar nan."