Malam Usaini Da Ranar Da Ruwa Ya Ƙwace A Kanal

Kafin masu tumatir su fara jera kwanduna a bakin titin Kura, Malam Usaini Tambaya ya riga ya jingine kekensa a jikin ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani. Zai fara duba ruwan batir, ya yaye zanin da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya yi bisimilla, sannan ya kunna. Daga nan sai mu fara shigowa da wayoyinmu muna jona caji, domin ofishin ne kaɗai ke da wutar sola a unguwar. A ƙarshen wannan shekara ta 2009 zai ajiye aiki, ni kuwa Ibrahimu, manomin alkama, ba na so ya tafi ban faɗi abin da idona ya gani ba.

Da oba-oba ya fara aiki, zamanin da ake magana da masu gadin ƙofofin ruwa ta rediyo. Da wayar hannu ta shigo, ƙungiya ta samo tsohuwar kwamfuta da wata 'yar na'ura mai sim a ciki, wadda ke tura saƙo ɗaya zuwa wayoyin manoma duka a lokaci guda. Da furfurarsa ya riƙa zuwa Kano yana zama cikin samari har ya koya. Tun daga nan, daga hannunsa muke jin ranar da za a sakar mana ruwa da ranar da za a rufe. Saude mai albasa ta shaida mini cewa da ya gane ba ta iya karatu ba, duk saƙon da ya tura sai ya taka keke har gonarta ya faɗa mata da baki.

Mutum ne mai tsoro, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Bai iya iyo ba. Idan zai haye gadar kanal sai ya sauka daga keke ya tura, idonsa a ƙasa. Mun sha yi masa dariya.

Bara, gab da shiga aikin rani, aka rufe ruwa don a yi yasa. Maza suka fita gayya, suka bazu a cikin kanal suna sarar ciyawar kacala suna kwashe laka. Wanda bai taɓa shiga ba, ba zai gane ba: zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, bangonsa siminti ne a karkace, gansakuka ta sa shi santsi kamar sabulu. Makiyaya ma sun gangara da shanunsu suna shan ɗan ruwan da ya kwanta. Yayana Bilya shi ke jagorantar masu aikin ƙarƙashin gada, inda ya fi ko'ina zurfi.

Ina ofis da hantsi ina jiran wayata ta cika, sai wayar Malam ta yi ƙara. Mika'ilu ne, mai gadin ƙofar ruwa ta can sama. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune.

"Malam, ƙarfen ƙofa ya karye! Ruwa ya ƙwace, yana tafe! Ka fitar da mutane!"

Malam ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Fuskarsa ta yi fari. Ya juya kan kwamfuta ya rubuta gargaɗin, ya danna, amma manhajar tura saƙon ta sandare. Ya rufe ta, ya sake buɗewa. Sai ta ƙi tashi, ta fito da wani ɗan rubutun Turanci.

Na ce, "Baba, mene ne?"

"Ta ce an riƙe tasharta."

Daga baya ya yi mini bayani. Kowace manhaja irin wannan tana da lambar da take tsayawa a kai ta yi aiki, kamar layin lodi a tashar mota, kuma biyu ba sa tsayawa a layi ɗaya. Wadda ya rufe, fuskarta ce kawai ta ɓace. Ita kanta tana nan a maƙale a bayan fage, ba ta aiki, ba ta kuma ba da wuri ba.

A lokacin ba bayani nake so ba. Na daka tsawa, "Ka kashe kwamfutar ka kunna mana!"

Ya girgiza kai. "Wancan karon da na yi haka, sai da aka kai azahar sannan ta tashi. Idan ta ƙi tashi yau fa, Ibrahimu?"

Ya buɗe baƙin allon nan da babu hoto ko ɗaya, sai rubutu. Ya buga wani umarni, netstat, da wasu haruffa, layuka suka zubo. Ya matso da fuskarsa yana bin su da ɗan yatsa. Gumi ya jiƙa gilashin idonsa.

"Zo nan, ɗan nan. Idona ya ƙi. Kowane aiki da ke gudana yana da lambarsa. Ga biyu nan kusa da juna: ɗaya ta mai riƙe da tashar ce, ɗaya ta mai haɗa mu da na'urar sim. In na kashe ta biyun, mun shiga uku. Karanto mini ta layin sama."

Na karanta.

"Sake. A hankali."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Ina ganin ruwan a zuciyata, ja, yana tunkuɗo kara da itace, yayana kuma ya juya masa baya yana sara. Na sake karantawa. Ya buga kill, umarnin kashewa, ya bi da lambar, yana faɗin kowace a fili. Ya sake dubawa. Tana nan, ba ta motsa ba.

Ya ce a ƙasa-ƙasa, "Na roƙe ta da lalama ta ƙi." Ya sake buga umarnin, wannan karon da alamar tara da ke nufin dole. Ya duba. Layin ya ɓace. Ya tayar da manhajar, ta tashi, ya tura saƙon: Ruwa ya ƙwace, kowa ya fito daga kanal yanzu.

Har na fara cewa alhamdulillahi, sai teburin da ke bayanmu ya ɗauki ƙara. Wayoyin da ke kan caji ne suke ta kuka ɗaya bayan ɗaya. Na juya. A cikinsu akwai wata mai ɗaure da roba baƙa. Wayar Bilya ce. Ashe da shi da mutanensa sun bar wayoyinsu a nan da safe, don kada laka ta ɓata su.

Na tsaya ina kallon wayar. Malam ne ya kama kafaɗata ya girgiza ni. "Hau babur ka tafi! Tafi!" Ina fita na ji yana cikin waya yana cewa, "Iya, ni ne Usaini. Ajiye ƙwaryar nan, ki leƙa ƙarƙashin gada." Iya Sa'a ce, Bafulatanar da ke sayar da fura da nono a kan gadar. Ya san tana da waya, ya san kuma saƙon rubutu ba zai amfane ta ba.

Tun daga nesa na ga mutane suna hawowa ta ko'ina, waɗanda saƙo ya isa gare su suna janyo 'yan uwansu, makiyaya suna dukan shanu su hau ta gangare. Kafin in kai gada na jiyo muryar Iya Sa'a, ta shaƙe don ihu. Ta kwance mayafinta ta zura, maza sun ƙulla shi da igiyar shanu suna ja. Bilya ne na ƙarshe. Ruwa ya kai masa gwiwa, sannan ƙugu, santsi ya dawo da shi ƙasa sau biyu muna kallo. A na uku aka kamo wuyan rigarsa. Muna tsaye ruwan ya tafi da baro da shebura da wani maraƙi da ya kasa hawa. Mutum ɗaya ya karye a hannu. Ba a rasa rai ba.

Da na koma ofis, na tarar da Malam zaune a ƙasa ya jingina da bango, waya a kunne, yana kiran shugabannin gayya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko mutanensu sun cika. Da ya gama da na ƙarshe sai ya fita bayan ɗaki ya yi amai.

Kai ne, Malam Usaini, ka ji tsoro fiye da kowa a ranar, amma tsoron bai sa ka danna abin da ba ka tabbatar ba. Kai ne ka jure tsawar ɗan da ka girme wa ubansa, ka ce a sake karantawa. Dattijon baƙin allo, mai kiran jama'a su fito. 'Ya'yan Bilya sun ci tuwon dare da ubansu a ranar saboda kai da Iya Sa'a, bayan ikon Allah.

Mun gode. Allah Ya ba ka hutu mai lafiya, Ya sa abin da ka yi ya tarar da kai a mizani.

Ga sauran jama'ar Kura da Bunkure kuwa, magana ɗaya ce. Watanni ke nan Malam yana cigiyar wanda zai zauna kusa da shi ya koyi wannan aiki, namiji ko mace, har yanzu ba wanda ya zo ya daɗe. Masu 'ya'yan da suka gama sakandare, ku turo su tun yana nan. Baɗi ma za a rufe ruwa a yi yasa, kuma mazanmu ne za su shiga.