Ranar Da Aka Raba Ƙarafan Mati

Har yau in na tuna abin da aka yi wa Mati sai na ji raina ya ɓaci, ga shi kuwa an fi shekara talatin.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, a wata 'yar unguwa gabas da Zakirai. Manomi ne kamar kowa, a gandun mahaifinsa Malam Dabo. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: son ƙarfe. In an tafi cin rani Kano, samari su dawo da rediyo da agogo, shi sai ya dawo da tsatsa a aljihu. Wajen 'yan gwangwan yake dako, yana tsintar wani abu da makanikai ke kira taf, ɗan ƙarfe mai haƙora da ake murɗawa cikin rami ya yanka hanyar da noti zai bi. Muka sa masa suna Sarkin Tsatsa, ya amsa.

Da yamma zai zauna gindin darbejiya ya danna kowanne a jikin sabulu, ya ƙura wa shaidar haƙoran ido. Wannan na hagu ne, na fedar keke. Wannan mai tsukakken baki na bututun ruwa ne. Wannan na tsofaffin injinan Ingila ne, an daina yin irinsa. Ya ce min yawancinsu uku-uku suke tafiya: na fari ya buɗe hanya, na biyu ya zurfafa, na uku ya gama. Na ce to, Allah ya ba da lada, na koma kan furata.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, ko da kuɗinka ba ka samu. Masu dariya suka fara sallama a ƙofar Mati, wannan da keke, wancan da garmar shanu. Injin niƙa ɗaya tak da ya rage mana, tsoho tukuf, Mati ne ya riƙe shi da rai. In ka ba shi goro ya karɓa, in ba ka ba shi ba ma ba ya tambaya.

Ana cikin haka Malam Dabo ya rasu. Ranar rabon gado yayansa Tasi'u, mutumin da ko fartanya bai taɓa ɗaura wa ƙota ba, ya ce a fito da gwangwanin ƙarafa. Wai lokacin da Mati ya tara su yana cikin gandu, kuma a ɗakin Baba ake ajiye su, don haka na kowa ne.

Mati ya ce, "Yaya, ka ɗauki rabona na akuyoyi. Ka haɗa da gefen fadamar. Ka bar min gwangwanin."

Wannan maganar ce ta kashe shi. Tasi'u ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Mutum zai bar fadama saboda tsatsa? Akwai abin da ya sani da ba mu sani ba."

Liman ya ba da shawara a bar wa mai amfani da su, a daidaita da wani abin. Tasi'u ya kafe. Aka zazzage su a tabarma, aka kasa kamar goro, manya gefe, ƙanana gefe, ɗaya nan ɗaya can. Mati yana durƙushe yana cewa, "Don Allah kada ku raba waɗannan ukun, tare suke." Wa zai saurare shi? Ni ma da na sa baki aka ce ba gidanmu ba ne. Wallahi ranar ji na yi kamar in kife tabarmar.

Tasi'u ya kai nasa kason kasuwar Zakirai yana jiran a yi rububi. Ba wanda ya ko taya. Da rana ta yi sanyi ya zube wa wani maƙeri su, ya sayo gishiri da kananzir.

Da kaka, hanyar notin da ke riƙe kan injin niƙa ta cinye. Mati ya buɗe abin da ya rage masa, ya tarar a cikin ƙarafa ukun da ke yi wa injin, na ukun kaɗai gare shi, wanda ba ya iya fara yanka. Ya roƙe ni na raka shi wajen maƙerin, muka tafi a ƙasa.

Maƙerin bai ɓoye ba. Ya ce, "Ai ƙarfen banza ne, Malam. Ɗaya na sa masa guduma ya fashe kamar kwalba. Wannan dai na samu ya yi min abin huda."

Ya miƙo masa. An gasa shi, an daddake, an feƙe bakin, ba sauran haƙori ko ɗaya. Mati ya juya shi a tafin hannu, ya mayar masa, har da cewa an gode.

Injin bai sake tashi ba. Matan unguwa suka koma turmi, har da Inna Hure, mahaifiyarsu, wadda ga tsufa ga ciwon kafaɗa. Ranar nan kuwa, a hanyarmu ta dawowa daga maƙera mun wuce Tasi'u zaune a dakali. Ya ɗago ya ce, "Mati, yaushe za ka gyara mana injin ne? Inna tana shan wahala."